Kuɗin Haya Bashi Ne: Bayani Ga Mazauna Gidajen Hukuma

Muna gode wa Allah da Ya raya mu har muka riski wannan wata, Ya ba mu ikon kame baki da rana da tsayuwa da dare. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu saurare a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da sauran garuruwan da wannan murya take isa, darasinmu na yau ya taso ne daga tambayar wani bawan Allah, ma'aikaci mai ƙaramin albashi, wanda ke zaune da iyalinsa a ɗaya daga cikin gidajen hukuma. Ya ce rashin lafiyar mahaifiyarsa ya cinye abin da ke hannunsa, har wata huɗu suka wuce bai kai kuɗin haya ba. Abokan aikinsa suna ce masa ya kwantar da hankalinsa, gidan gwamnati ne, ba wanda zai zo ya tsaya masa a ƙofa. Shi kuwa zuciyarsa ta ƙi natsuwa. Yana son ya sani: wannan kuɗi bashi ne da za a tambaye shi a gaban Allah? In kuwa bashi ne, ta ina zai fara, ga azumi, ga kuma Sallah tana tafe?

Allah Ya saka masa da alheri, domin tambayarsa ta mutane da yawa ce waɗanda kunya ta hana su buɗe baki. Za mu amsa ta daki-daki, kuma abin da za mu faɗa ya shafi mai haya a gidan hukuma da mai haya a gidan wani mutum, sai inda muka bambanta.

Waɗanne gidaje ake nufi?

Muna nufin gidajen da gwamnati, ko wani kamfani nata, ko wata hukuma, suka gina domin ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi, ana ba da su a kan kuɗin da bai kai na kasuwa ba. A ƙasarmu akwai kamfanin SONUCI, wanda aikinsa tsara filaye da gina gidaje ne, kuma duk wanda ya san Yamai ya san unguwannin da ake kira site, waɗanda aka gina gidajensu a jere bisa fasali ɗaya. Shiga irin waɗannan gidaje iri biyu ce. Akwai haya zalla, wadda mutum zai biya kowane wata, gidan kuwa yana nan na hukuma. Akwai kuma hayar da ke ƙarewa da mallaka, wadda mutum zai yi ta biya shekara da shekaru, in ya cika sai gidan ya zama nasa. Wani ana cire masa daga albashi tun kafin ya shigo hannunsa, wani kuma shi ke ɗaukar kuɗin da ƙafarsa ya kai. Mafi yawan bashin da ke taruwa yana kan wannan na biyun, domin an bar shi da amanarsa.

Game da hayar da ke ƙarewa da mallaka, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yi nazarinta a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, ta halatta ta idan aka raba ƙullin haya da ƙullin mallakarwa, kowanne da hukuncinsa, ba a cakuɗa su a lokaci guda a kan abu guda ba. Wanda ke cikin irin wannan tsari ya fi kowa bukatar kiyaye biya, domin sakacin ƴan watanni yana iya jefa wahalar shekaru cikin hatsari. Ya karanta takardarsa da kyau, ya ga abin da ta ce game da wanda ya daina biya.

Matsayin haya a shari'a

Malamanmu na mazhabar Imam Malik suna kiran hayar gida da dabba da jirgi kira'i, suna kiran ɗaukar mutum aiki ijara. Dukansu sayar da amfani ne. Wanda ya sayi buhun hatsi ya sayi hatsin kansa, wanda ya kama haya kuwa ya sayi zaman gidan na wani lokaci sananne. Saboda haka sharuɗɗan ciniki suna hawa kanta: a san gidan, a san kuɗin, a san lokacin, kuma amfanin da za a yi da gidan ya zama halal. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika ƙulle-ƙullen da suka ɗaura, kuma takardar da ka sa wa hannu ranar da aka miƙa maka mabuɗi tana cikinsu. Hausawa ma sun ce alkawari kaya ne.

To, a lura da wannan. Wanda ya ci hatsin da ya ɗauka bashi ba zai iya mayar da shi ba, sai dai ya biya kuɗinsa. Haka wanda ya kwana wata guda a gida: ya riga ya cinye wannan wata, darensa da ranarsa, inuwarsa da suturarsa. Da watan ya ƙare, kuɗinsa ya tabbata a wuyansa kamar kowane bashi. Ba ya faɗuwa don an daɗe ba a tambaya ba, ba ya faɗuwa don an canja wanda ke karɓa, ba ya faɗuwa don mutum ya tashi daga gidan ko an mayar da shi aiki wani gari.

A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an raba haya gida biyu. Akwai wadda aka yanke wa wa'adi, kamar a ce shekara ɗaya daga watan kaza. Wannan ta lizimci ɓangarorin biyu har wa'adin ya cika. Akwai kuma ta wata-wata, wadda aka ce kowane wata kaza ba tare da an faɗi ƙarshe ba. Wannan kowanne yana iya fita daga cikinta, sai dai in an biya kuɗin wasu watanni tun gaba, to ta lizimta gwargwadon abin da aka biya. Wannan shi ne asalin hukunci, amma in takardarku ko dokar ƙasa ta ce sai an ba da sanarwa kafin a tashi ko a tayar, to bin wannan wajibi ne, domin da shi aka ƙulla.

Dukiyar gwamnati tana da masu ita

Mu dawo ga maganar abokan aikin mai tambaya, cewa gidan gwamnati ne. Wannan magana ta halaka mutane da yawa. Mutum zai ji nauyin maƙwabcinsa in yana bin sa jikka biyu, har ya canja hanya don kada su haɗu, amma jikka ɗari na hukuma ba su hana shi barci, saboda hukuma ba ta da fuskar da zai ji kunya. Alhali kuwa a shari'a dukiyar baitulmali ta al'umma ce gaba ɗaya. Wanda ya ci haƙƙin mutum ɗaya ya san ƙofar da zai je ya nemi gafara. Wanda ya ci na al'umma, ƙofa nawa zai bi?

Buhari da Muslim sun ruwaito abin da ya faru bayan yaƙin Haibara, a shekara ta 7 bayan hijira. Wani mai yi wa Manzon Allah hidima, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kibiya ta same shi ya rasu, mutane suka yi ta yi masa murnar shahada. Sai Manzon Allah ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya ne, ƴan uwa, daga dukiyar da shi ma yana cikin jama'ar da aka tara ta dominsu. Wannan ya isa ya nuna mana cewa kasancewarka ɗan ƙasa bai ba ka ikon yanka wa kanka rabo da hannunka ba.

Sannan a dubi inda cutar take sauka. Kuɗin hayar da ake tarawa da su ake gyaran gidajen, da su ake biyan bashin da aka ci aka gina su, da su ake sa ran gina wasu. In rabin mazauna site suka daina biya, magudanar ruwa za ta toshe ba mai gyarawa, katanga za ta tsage ba mai dubawa, kuma malamin makarantar da ke biyan haya mai tsada a cikin gari yana jiran a gina sababbi zai yi ta jira. Wanda ya samu gidan sauƙi an riga an fifita shi a kan mutane da yawa da suka nema ba su samu ba. Godiyar wannan fifiko ita ce ya biya ɗan abin da aka ɗora masa.

A nan ne kuma za mu ja kunnen wanda ya karɓi gidan hukuma a kan kuɗi kaɗan, ya koma gidansa na gado, ya zuba wasu a ciki yana karɓar ninki biyu ko uku. Asali malamai sun yarda mai haya ya ba wani haya, amma in takardar ta hana, ko an ba shi gidan ne saboda bukatarsa ta zama, to ya saɓa sharaɗi, ya kuma tare wa mabukaci wuri. Mafi muni shi ne wanda ke karɓa daga hannun waɗanda ya zuba, shi kuma bai kai wa hukuma ko dala ba.

Masu bashi iri uku ne

Shari'a ba ta yi wa duk wanda ake bi bashi kuɗin goro ba. Malaman fiƙihu sun kasa su uku.

Na farko shi ne mai hali da ke jinkiri. Yana da abin biya, amma kullum sai ya ce gobe. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim ya sanya jinkirin irin wannan mutum cikin zalunci, kuma alƙali yana da ikon tilasta masa. Kada wani ya ɗauka mai hali sai attajiri. Duk wanda albashinsa ya shigo, ya ware na sabuwar waya, ya ware na bikin aboki, ya ware na shadda, sannan ya ce na haya bai samu ba, to mai hali ne a kan wannan bashi.

Na biyu shi ne wanda ke cikin ƙunci na gaskiya: albashi ya makara, ko an sallame shi daga aiki, ko ciwo ya kwantar da shi, ko kasuwa ta karye masa. Wannan aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta a saurara masa har ya samu sauƙi, ta kuma nuna cewa yafe masa ya fi alheri ga mai bin bashin. Ba shi da zunubin jinkiri muddin niyyarsa ta biya tana nan, amma bashin bai sauka daga kansa ba.

Na uku shi ne wanda ba a san halinsa ba. Yana cewa babu, mai gida yana cewa akwai. Wannan sai ya kawo abin da zai tabbatar da maganarsa, ko shaidu, ko takardun asibiti, ko takardar sallama daga aiki, ko ya kawo wanda zai tsaya masa. Mai tambayarmu, bisa ga abin da ya faɗa, yana cikin kashi na biyu. Aikin da ke gabansa shi ne kada ya bari a ɗauke shi a kashi na farko saboda shirunsa.

Yadda ake fita daga bashin haya

Abu na farko, ka je da kanka, kuma ka je da wuri. Mafi yawan masu haya in wata ɗaya ya kuɓuce musu sai su fara ɓuya, su daina ɗaukar waya, su ce wa yara a ce ba su nan. Wata ɗaya ya zama uku, uku su zama takwas, ranar da za a haɗu kuwa an riga an ɓata. Wanda ya zo tun watan farko ya ce ga abin da ya same ni, ga ranar da nake sa rai, ana karɓarsa a matsayin mai uzuri. Wanda sai da aka aika masa takarda sau uku ya zo, ko gaskiya ya faɗa da wuya a yarda. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Abu na biyu, a zauna a yi lissafi. Ka tattaro duk takardun shaidar biya da ke hannunka, a gwada su da abin da ke rubuce a littafin hukuma ko na mai gida, a san wata nawa ne, kuma nawa ne daidai. A ware kuɗin haya daban, na ruwa daban, na wuta daban, domin a gidan da ake tarayya a kan mita ɗaya yawancin rigima daga cakuɗa waɗannan take tasowa.

Abu na uku, kada ka bar hayar watan da kake ciki don kana biyan tsohon bashi. Wanda rufinsa ke zuba yakan fara toshe ɓular ne kafin ya kwashe ruwan da ke ɗaki. Mu ɗauka hayarka jikka 25 ce, ana bin ka wata huɗu, jikka 100 ke nan. In ka ɗauki alkawarin kawo jikka 35 kowane wata, 25 na watan da ake ciki, 10 na ragin bashi, cikin wata goma ka fita. Wannan ya fi ka yi rantsuwa za ka kawo jikka 50, ka cika sau ɗaya, a wata na biyu ka kasa, ka zubar da yardar da ta rage maka. Ka faɗi abin da za ka iya ko da kaɗan ne, sannan ka tsaya a kansa.

Abu na huɗu, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, kuma ta hana a yi ƙyuyar rubutawa ko bashin ƙarami ne. A rubuta jimillar bashin, da abin da za a riƙa kawowa, da ranar kawowa, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa. Duk kuɗin da ka kai, ka karɓi takardar shaida da ke faɗin watan da aka biya. In ta kamfanin aika kuɗi ka tura, ka adana takardar. Kada ka miƙa kuɗin hukuma a hannun wani a bakin hanya don kun saba, domin in bai shiga littafi ba, a wurin hukuma ba ka biya ba.

Abu na biyar, ka gyara jerin abin da kake kashewa. Bayan abincin iyali da magani, haya ce ke biye, domin ita ce rufin asirin gidan gaba ɗaya. Mai albashi ya cire ta ranar da kuɗi suka shigo, ko ya nemi a riƙa cire masa tun daga tushe in akwai wannan hanya. Mai samun yau da gobe, kamar ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu, ya raba ta bisa kwanaki: wanda ke jefa dala 170 a asusu kowace rana, in kwana 30 suka cika zai tarar da jikka 25 da rabi. Adashe ma hanya ce, in an daidaita kwasarsa da lokacin biya.

Abu na shida, kada ka kashe wuta da fetur. Cin bashi mai ruwa don a biya haya fita ne daga bashin da shari'a ta ba ka uzuri a kansa zuwa bashin da ta la'anci mai ci da mai bayarwa. Ka nemi rance mai kyau wurin ɗan uwa, ko ka sayar da abin da za ka iya rayuwa ba shi. Kuma ka sani cewa aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin mutane takwas da ake ba zakka, muddin ba a ci bashin don saɓo ba. Masu fitar da zakka a wannan wata, ku duba cikin danginku da maƙwabtanku. Akwai mai fita da riga wankakkiya wanda takardar tashi ke cikin aljihunsa, ba zai taɓa roƙonku ba.

Abu na bakwai, in lissafi ya nuna cewa gidan ya fi ƙarfinka, ba na wata ɗaya ko biyu ba, to ka nemi wanda ya yi daidai da kai tun bashin bai kai inda ba za ka iya ɗauka ba. Komawa ɗaki biyu da mutunci ya fi zama a ɗaki huɗu ana jiran ranar da za a fitar da kaya waje a gaban yara. In za ka tashi, ka yi sallama, ka miƙa mabuɗi, a duba gidan, a lissafa kuɗin ajiyar da ka bayar da farko, a rubuta abin da ya rage. Tashin dare ba ya goge bashi.

In gidan ya lalace fa?

Da yawa suna cewa: rufi yana zuba tun damina biyu, ba a gyara ba, don haka na riƙe kuɗin. A Muhtasar an kawo wannan mas'ala da misalin zubar ruwa kanta. Idan lalacewar mai cutarwa ce, mai haya yana da zaɓi, ya warware hayar ya tashi, ko ya zauna. In ya zaɓi zama, kuɗin haya yana kansa. Dokar ƙasa kuma ta ɗora manyan gyare-gyare a kan mai gida, ƙanana na yau da kullum a kan mai haya. Hanyar da ta kuɓuta ita ce ka sanar a rubuce, ka nemi ko a gyara, ko a ba ka izni a rubuce ka gyara a cire daga haya, ka kuma adana takardun siminti da kwano da ladan magini. In an ƙi, ka kai ƙara inda ya dace. Amma ka yanke wa kanka hukunci ka daina biya, wannan yana mayar da mai gaskiya marar gaskiya.

Kalma ga masu gida da masu karɓar haya

Ku kuma da Allah Ya ba gidaje, ko Ya ɗora ku a kan karɓar na hukuma, kuna da naku kason. Muslim ya ruwaito bushara ga wanda ya saurara wa mai ƙunci ko ya rage masa, cewa Allah zai sanya shi a inuwarSa. An kuma ruwaito labarin wani ɗan kasuwa cikin mutanen da, wanda yakan umarci yaransa su ƙyale wanda ya kasa biya, Allah kuwa Ya ƙyale shi. Akwai kuma abin da ya faru tsakanin Ka'abu ɗan Malik da Ibn Abi Hadrad, Allah Ya ƙara musu yarda, lokacin da muryoyinsu suka tashi a masallaci a kan bashi. Manzon Allah ya leƙo daga ɗakinsa ya yi wa Ka'abu ishara ya sauke rabi, ya amsa nan take, sannan aka umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran. A wannan sulhu kowa an ba shi aikinsa: mai bi ya rage, wanda ake bi ya gaggauta.

Abubuwa uku ku kiyaye. Kada ku ƙara ko dala a kan bashin saboda jinkiri, domin ƙari a kan bashi don an ƙara lokaci shi ne ainihin ribar jahiliyya. Kada mai gida ya yafe hayar da ya fid da rai da ita sannan ya lissafa ta cikin zakkarsa. Malamanmu sun ce wannan ba ya isar masa, domin ya kare dukiyarsa ne da zakkar. Kada kuma ku ɗauki hukunci a hannunku, ku cire ƙofa, ko ku yaye kwano, ko ku yanke ruwa, ko ku watsar da kayan mutane. A fara da sulhu a gaban mai unguwa ko liman ko dattawan wuri, domin dokar ƙasarmu ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane. In sulhu ya ƙi, kotu ce ke yanke hukuncin tashi, kuma ma'aikacin shari'a ne ke zartar da shi.

Ma'aikacin da ke karɓar hayar hukuma kuwa amintacce ne a kan abin da ba nasa ba. Ba shi da ikon yafe wa abokinsa, ba shi da ikon ɓoye sunan wani don an ba shi na goro. Abin da yake iyawa, kuma zai samu lada a kansa, shi ne ya saurari mai uzuri da fuska sakakkiya, ya nuna masa hanyar da doka ta tanada ta biya kaɗan-kaɗan, ya isar da kukansa ga na sama da shi, ya kuma fara matsa wa masu hali kafin marasa hali.

In mutuwa ta zo

A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa haya ba ta warwarewa don mazaunin gida ya rasu. Bashin da ya taru kuwa ana fitar da shi daga abin da ya bari kafin a raba gado, kamar yadda ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka gabatar da bashi da wasiyya a kan rabon magada. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, da aka ce ana bin sa kuma bai bar abin biya ba sai ya ce sahabbai su sallace shi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin sannan ya yi masa salla. Saboda haka duk wanda ake bi haya ya sanar da matarsa ko babban ɗansa, ya nuna musu inda takardu suke. Magada kuma, in ana tambayar masu bin mamaci bashi a wurin jana'iza, ku tuna cewa hukuma ba ta zuwa zaman makoki ta yi magana. Ku ne za ku je ku bincika.

Amsa ga mai tambaya

Ɗan uwa, kuɗin nan bashi ne, kuma za a tambaye ka. Amma jinyar mahaifiya uzuri ne mai girma, kuma rashin natsuwar da kake ji alamar imani ce. Buhari ya ruwaito cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa. Ka tabbatar da wannan niyya da aiki: gobe, kafin rana ta yi zafi, ka ɗauki takardunka da na asibiti ka je inda ake biya, ka nemi a tsara maka.

Game da Sallah kuwa, ka yi wa yara abin da ya sawwaƙa, ka bar sauran. Sukarin da ake kai wa surukai, da ɗinki kala biyu, da yawan kwanukan buɗa baki, al'adu ne masu kyau ga mai yalwa, ba wanda zai shiga wuta don ya bar su. Ka zaunar da uwargida ka gaya mata gaskiyar lissafi. Mata da yawa sun fi mazajensu iya tattali in an ba su labari. Wanda ya iya barin ruwan sanyi tun daga alfijir har faɗuwar rana saboda Allah, alhali ruwan nasa ne, zai iya barin abin da ba nasa ba.

Allah Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, Ya ba marar lafiya lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah Ya sanya tausayi a zukatan masu gida, Ya sanya gaskiya a zukatan masu haya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya sa muna cikin ƴantattun wannan wata. Sai mun haɗu a darasi na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.